Darlene da Kwali Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Darlene Vandermark ta shekara talatin da ɗaya tana tuƙa motar 'yan makaranta, kuma duk garinmu babu wanda bai san dariyarta ba. Tana bakin tafki za ka jiyo ta daga gidan waya. Ni maƙwabciyarta ce, shinge ɗaya ya raba mu, don haka na fi kowa shan ta.

Garinmu ƙarami ne, a yammacin jihar New York, kuma da wuya ka wuce gida uku ba ka ga allon mai karɓo saƙo daga mamata ba. Kakar Darlene, marigayiya Ida, tana cikin fitattunsu a zamaninta. Ita kuwa Darlene ba ta gaji ko ƙwayar abin ba.

"Ni masu rai ma ba sa jin maganata," take cewa. "Yara arba'in a bayana kullum, ba wanda ke saurare. Balle matattu?"

Da ta yi ritaya sai zaman gida ya ishe ta. Ta yi wa ɗakin girki fenti sau biyu, ta fara saƙa ta watsar. Ina taimakawa a laburaren ƙungiyar masu binciken ruhohi duk Talata da Alhamis, sai na ce ta zo ta yanki kati ko ta samu abin karantawa.

"Ke Beverly, a can ana barin mutum ya yi tari kuwa?"

"Tari ɗaya a wata," na ce.

Ta zo. Mai kula da wurin, Mista Orrin Tibbets, dogo ne siriri, mai magana kamar yana tsoron kada littattafan su farka. Ya zayyana mata dokoki: littafi uku ake ara, mako biyu a dawo da su. Abin da ke bene kuwa, wato wasiƙu da hotuna da tsofaffin faifan tef, ba ya fita ko ƙofa. Sai an cike takarda, a ba ka rana, ka wanke hannu, ka ajiye biro ka ɗauki fensir. Darlene tana ta gyaɗa kai, kumatunta sun kumbura don danne dariya. Ta ɗauki littafi uku ba tare da ta duba sunansu ba, don kawai bangonsu kore ne.

Kwana biyu bayan haka ina shanya sai ga ta ta tsallako shinge da silifa, tana kaɗa littafi a sama.

"Beverly! Kakata a littafi! Babi guda cur!"

Muka zauna a matakala muka karanta. Wasu masu bincike biyu ne suka zo gidan Ida da rikoda a shekarar 1961, wata la'asar, aka ja labule, aka zauna kewaye da tebur. Ana tsakar zama sai aka ji muryar ƙaramar yarinya, alhali a saninsu babu yaro a ɗakin. Marubucin ya ce bai taɓa samun hujja mai ƙarfin wannan ba. A ƙasan shafin an rubuta cewa tef ɗin yana bene, kwali na arba'in da bakwai.

Darlene tana 'yar shekara tara Ida ta rasu, kuma tun daga lokacin ba ta sake jin muryarta ba. A ranar ta je ta cike takardar neman sauraron tef ɗin, har sau uku kafin ta yi daidai. Mista Tibbets ya ba ta Alhamis ta sama, ƙarfe goma na safe. Kwanakin nan na jira ba ta bar kowa ya huta ba. Ta faɗa wa mai kanti, ta faɗa wa mai kawo wasiƙa, ta je aka gyara mata gashi.

"Tef za ki saurara, ba hoto za a ɗauke ki ba," na ce mata.

"Ke ba ki san Kaka ba. Ta cikin tef ɗin ma sai ta ga ban taje kai ba."

Ranar Alhamis muka hau bene mu uku. Mista Tibbets ya sa farar safar hannu, ya buɗe kwalin, ya ɗora tef a tsohuwar na'ura kamar mai kwantar da jariri. Da farko shuuu kawai muke ji, sai muryar wani namiji yana faɗin kwanan wata. Daga nan sai wata murya mai kauri, ta tsohuwa:

"Malam, ɗauke gwiwar hannunka daga kan zanen teburina, jiya na goge shi."

Darlene ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Hawaye na zuba, baki kuma a buɗe yana dariya. "Ita ce," take ta raɗawa, "na rantse ita ce, ji faɗa!"

Aka ci gaba. Ida ta yi addu'a, ɗaki ya yi tsit. Mista Tibbets ya ɗaga yatsa, alamar wurin ya zo. Sai ga wata 'yar siririyar murya, kamar daga cikin rijiya:

"Akwai duhu a nan. Ina so in fito."

Na sha karanta labarin, amma ji da kunne daban ne. Muryar ta sake cewa, wannan karon da shessheƙa:

"Pickles ya yaƙushe ni."

"Kun ji ko," in ji Mista Tibbets cikin raɗa. "Shekara biyu suka yi suna bin takardun mutuwa na gunduma uku, suna neman wani mutum mai suna Pickles. Ba su same shi ba."

Na waiga na ga Darlene ta yi jawur, ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna tsalle. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani ta yi. Sai ta fashe. Dariyar ta sauka har ƙasa, mutum biyu da ke karatu suka hauro da gudu.

"Mage ne!" ta ce da ƙyar. "Pickles magenmu ne! Wani ƙaton ja mai ido ɗaya! Mista Tibbets, ni ce! Ni ce ruhin!"

Sai da ta sha ruwa kafin mu fahimce ta. Shekararta huɗu a lokacin. Mahaifiyarta ta tafi aiki ta bar ta wurin Ida, aka ce ta zauna a ɗakin girki kada ta motsa. Ita kuwa ta sungumi mage ta shige ƙarƙashin teburin baƙi, wanda zanensa ke jan ƙasa, kafin su iso. Ba ta san rikoda ba, ba ta san su wane ne ba. Abin da ta riƙe kawai shi ne takalman maza masu walƙiya, da ƙafar Kaka tana zungurinta ta yi shiru.

Mista Tibbets ya jawo takardun da masu binciken suka rubuta a ranar, ya bi layi da fensir, ya karanta mana: "A daidai nan ƙafar Misis Ida ta yi ta motsi da ƙarfi." Ya juya shafi. "Da aka tambaye ta ko ta san yarinyar, ta ce: 'Ta gida ce. Ba ta jin magana.'"

"Kun gani?" in ji Darlene tana buga cinya. "Ba ta yi musu ƙarya ba! Su ne ba su ɗaga zane ba!"

Nan na ga abin da ban taɓa gani ba cikin shekara goma sha biyu da na yi ina taimakawa a laburaren. Mista Tibbets ya cire tabarau, ya kifa kai a kan tebur, ya yi ta dariya har da tari.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Wasu sun ji haushi. Wata tsohuwa mai karɓo saƙo ta tare Darlene a kanti ta ce ai ruhu yana iya aron bakin yaro ya yi magana. Darlene ta ce, "To shi ma ruhun, mage ya yaƙushe shi ne? Don har yau ga tabon," ta naɗe hannun riga ta nuna mata.

Mista Tibbets ya ce ba za a goge komai ba, amma gaskiya sai ta shiga kwali. Ya sa Darlene ta rubuta bayaninta, shafi huɗu da fensir, ta haɗa da hoton magen da ta tono a gida, aka ajiye su tare da tef ɗin. Asalin tef bai fita ba, doka doka ce, amma ya kwafe mata shi a wayarta. Wurin faɗan zanen tebur ta fi saurara.

Yanzu ita ke zama a teburin karɓar baƙi duk Asabar a lokacin zafi. Masu bincike na zuwa daga jami'o'i, wasu daga ƙetare, kuma duk wanda ya nemi kwali na arba'in da bakwai sai ta kai shi bene da kanta, ta bar shi ya saurara har ƙarshe, fuskarta ba yabo ba fallasa. Wani matashin malami daga Kanada ya rubuta shafi uku yana jinjina kai kafin ta taɓa kafaɗarsa. Da ya gama jin bayani ya roƙe ta su ɗauki hoto tare, ta ce ya dakata tukuna ta shafa jan baki.