Albarkar Coci Ko Ta Kasuwa: Jinjina Ga Malam Habila Mai Gyaran Keke

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Tudun Wada da sassafe ya san rumfar kwanon nan da ake rataye tsofaffin tayoyi a bakinta. Kafin Larai mai ƙosai ta ɗora kasko a tsallaken hanya, Malam Habila ya riga ya share gaban rumfar, ya cika daron faci da ruwa, ya jera sifanoninsa a kan buhu. Idan ka kawo keke zai gaisa da kai yadda ya kamata, ya tambayi gida da iyali, amma kowa ya san rabin hankalinsa na kan keken. Sai ya ɗaga ƙafar baya, ya murza feda, ya kara kunne. Kafin ka gama ba shi labarin ciwon, shi ya riga ya ji daga bakin mai ciwon.

Rumfar ba tasa ba ce. Ta Polycarp ce, Ibo ɗan kasuwa wanda ya zo Zariya tun kafin yaƙin duniya na biyu, yana sayar da kayan keke a ciki, Habila na gyara a waje. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan suna tare, cocinsu daban, akushinsu ɗaya. A makon nan Malam Habila ya bar rumfar, shi ya sa muka ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Mutum ne mai son sanin cikin abu. Wannan hali shi ne arzikinsa, shi ne kuma abin da matarsa Edith take kuka da shi. Ya taɓa kwance mata keken ɗinki don kawai ya ga yadda zaren ƙasa yake kama na sama, ana saura kwana kaɗan Kirsimeti, ɗinkin mutane jibge a ɗaki. Amma wannan hali ne dai ya sa wata rana ya zura wa Kailani gurgu ido yana jan jiki zuwa kasuwa, ya shiga tunani ko feda za ta yarda hannu ya murza ta. Ya tattara ƙarafan da aka yar, ya yi ta haɗawa yana warwarewa har damina ta wuce. Yau Kailani da kekensa mai ƙafa uku yake zuwa har Kwangila sarin goro, kuma ba a ji Habila ya taɓa ba da labarin ba.

Kai ne, Malam Habila, wanda malaman makaranta da masinjoji suke bar wa keke su tafi ba tare da waiwaye ba. Kai ne ba ka taɓa cire sabon boris ka sa tsoho ba. Mai kunnen jin ciwon ƙarfe, mun shaida.

Akwai wata kalma da ba ta barin bakinsa. Inda wani zai ce na gode, shi sai ya ce, "Albarka." Gajeren "Allah ya sa albarka" ne, a wurin mahaifinsa ya gada, wanda ya yi aikin coci har ya tsufa. Ka ba shi ruwa, albarka. Ka yaba aikinsa, albarka. Wannan kalma ce ta hana unguwa sakat a watan jiya.

Malam Kato, jami'in lafiya na hukumar En'e, shi ya zo da maganar. Ya ce masu yi wa mutane lambar rigakafin agana suna shiga ƙauyukan ƙasar Kauru a kan kekuna, kekunan kuwa suna mutuwa a hanyar daji, maganin ya lalace a rana kafin a kai. Suna neman wanda zai zauna can tare da su yana gyara. Aikin hukuma ne, da ɗaki, da fansho. Habila ya shafa fuskarsa, wadda zanzanar agana ta huda tun yana yaro, ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara.

Bai ɓoye ba, ranar ya gaya wa maigidansa. Polycarp ya ci gaba da cinikinsa har aka tashi. Da za a rufe rumfa ya ce, "Habila, na san albashinka ya daɗe a wuri ɗaya. Laifina ne. Daga wannan wata na ƙara maka, ka zauna."

Abin ya taɓa zuciyar Habila. Ya dubi mutumin da suka tsufa tare, ya ji ƙauyukan Kauru sun yi masa nisa. A ransa ya riga ya zauna. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Albarka, Maigida."

To, Polycarp a kasuwa ya koyi Hausa. A kasuwa kuwa, idan ka taya kaya mai kaya ya ce albarka, ai cewa ya yi tayinka bai kai ba, sai ka ƙara. Shekara da shekaru yana jin kalmar nan a bakin Habila bai taɓa kawo komai a ransa ba, amma ranar shi ne mai tayi, kunnen ɗan kasuwa ya saurara da shi. Ya tafi gida jiki a sanyaye. Washegari ya dawo ya ce zai kira mai fenti a rubuta sunan Habila a allon rumfa, kusa da nasa.

Habila ya yi mamaki. Ya buɗe baki zai ce ai maganar ta ƙare tun jiya, sai halin nan nasa ya motsa. Me ya sa mutum zai ƙara wa wanda ya riga ya yarda? Ina abin zai tsaya? Ya so ya ga cikinsa. Ya ce, "Albarka," ya ci gaba da faci.

Larai tana ji daga tsallake, kuma abin da Larai ta ji, mai sayen ƙosai ya ji. Kafin azahar unguwa ta rabu biyu. Wasu suka ce albarkar coci ce, ya karɓa. Wasu suka ce ta kasuwa ce, Habila ya waye, ciniki yake ja. Har masu kekuna lafiyayyu suka riƙa sace iskar tayarsu don su sami dalilin tsayawa. Shi kuwa ya buga musu famfo, ya sallame su ba su ƙaru da komai ba.

A gida ne bai sami wurin ɓuya ba. Edith ta ajiye masa tuwo ta ce, "Baban Comfort, ni fa ban gane ba. Zama za ka yi ko tafiya?"

"Da zama zan yi," in ji shi. "Yanzu kuma ban sani ba. Ina ta tunani, ashe duk abubuwan nan suna nan tuntuni, sai da na kama hanya aka fito da su."

"Wannan haushi ne. Haushi kuwa ba ya zaɓa wa mutum aiki. In da bai ƙara maka komai ba, kuma bai rage ba, ina ranka yake?"

Ya daɗe yana juya loma kafin ya ce, "Ina son in ga yadda keke zai yi da hanyar duwatsun can. Kuma ina son in ga ƙauyen da yaransa ba su da irin fuskata."

"To ka gaya masa. Ka bar wasa da bawan Allah, ba agogo ba ne da za ka buɗe ka mayar."

Bai sami zarafin faɗa ba, Polycarp ya riga shi. Da safe ya kira shi cikin rumfa, idanunsa jawur, ya ce, "Ka ɗauki rumfar duka. Kai ne maigida, ni in zauna ina sayar maka da kaya. Ba ni da abin da ya fi wannan."

Nan son sani ya fita daga kan Habila, kunya ta shiga. Ya san rumfar nan ita ce duk abin da mutumin ya tara, ita yake cewa zai bar wa 'ya'yansa. Ya ce, "Maigida, wane irin gyara na iya da ya kai wannan? Masu gyara sun cika Sabon Gari. Me kake saye?"

Polycarp ya dubi hanya. Ya ce, "Ka tuna bara, da aka yi tarzomar Kano? 'Yan'uwana da yawa sun ɗaure kaya sun bi jirgin ƙasa. Ni ban tafi ba, don kullum na leƙo ina ganinka zaune a ƙofa. In kana nan, ni ɗan unguwa ne. In ka tafi, Ibo ne kawai mai rumfa."

Tausayi ya kama Habila. Ya ce, "Ka yafe mini. Albarkar da na ce ran farko, ta coci ce. Godiya na yi."

"Wato da na yi shiru, da ka zauna?"

"Da na zauna."

Polycarp ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji. "Yanzu fa?"

"Yanzu in na zauna, na zama maigadi ke nan, kai kuma ka ci gaba da zama baƙo a bayana har mu mutu. Ba zan karɓi rumfarka a kan tsoro ba. Zan tafi. Amma ka sa hularka, ka raka ni ban kwana."

Abin da ya biyo baya da idonmu muka gani. Malam Habila ya bi unguwa zaure zaure, Polycarp na biye. Duk inda suka shiga, bayan gaisuwa, sai ya nuna Polycarp ya ce, "Zan yi tafiya. Ga amanata nan na bar muku." Mai unguwa Nagoda ya karɓa da hannu biyu, ya ce ya ji, ya ɗauka. Limamin masallacin bakin kasuwa ya ce ai maƙwabci ba sai an ba da amanarsa ba, amma tun da an faɗa, ta ƙara nauyi.

A wurin Larai ne abin ya sha bamban. Ta ajiye matsami, ta kama ƙugu. "Malam Habila, wai ni za ka ba amanar Polycarp? Ranar da mai ya zubo mini a ƙafa, kana Hanwa wajen ɗauko keke. Wa ya ɗora ni a bayan kekensa har asibiti, yana haki kamar zai faɗi? Matarsa ce ta yi mini wanki har na warke. Kai dai tafi abinka. Mu mun san namu tun kafin ka gabatar da shi."

Polycarp ya tsaya kamar an dasa shi. Shi ya manta da wannan rana, ita ba ta manta ba. Ya cire hula ya goge fuska, ya daɗe yana gogewa. Da suka koma bakin rumfa Habila ya ce, "To, Maigida, ciniki bai ƙare ba sai mai kaya ya yi magana."

Ɗan kasuwa ya gane. Ya kama hannun Habila da nasa biyu, ya ce, "Na sallama."

Malam Habila, mun gode. Mun gode da kekunan da ka tayar, mun gode da na Kailani, mun fi gode maka da yadda ka tafi. Da yawa in an ƙara musu sai su zauna suna gunaguni, wasu kuma su fice ko waiwaye babu. Kai ka tsaya sai da ka ji abin da ake saye, da ka ga ba na sayarwa ba ne, ka nuna wa mai tayi cewa yana hannunsa tuntuni. Matasan da ke ta samun kiran aiki a ofisoshi da kamfanoni a wannan zamani, ku yi koyi. Iyayen gida kuma, abin da za ku iya yi wa mutum, ku yi masa tun yana zaune.

Za mu yi kewarka, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Allah ya kai ka Kauru lafiya, ya sa ka ga yaran da kake son gani. Amanar da ka bar mana tana nan kalau. Jiya ma a zauren mai unguwa ta ci tuwon dawa, har ta nemi ƙari.