Jinin da Ba Ya Ƙarni

Wani mutum na zaune a kan benci a bayan asibitin Shumaisi, can ƙasar Larabawa, sanye da koriyar rigar ma'aikata, furfura ta fara cin gemunsa. Hannuwansa sun bushe sun tsattsage, irin na mai yini cikin sabulu. Shayinsa ya huce, idonsa na kan waya.

Na leƙa. Tsohon fim ne na Italiya, na ban tsoro. Wata Baturiya tana kururuwa, gawa mai fuskar roba tana bin ta, jini na tsartuwa kamar an fasa famfo. Shi kuwa ko gezau, sai ma ɗan murmushi.

Na ce, "Baba, ba ka ƙyamar wannan?"

Jin Hausa ya sa ya ɗago. "Ai fenti ne, ɗana. Dubi yadda ya yi ja wur. Na gaske duhu gare shi, ga ƙarni, kuma ba a sa masa kiɗa."

Ban tambayi aikinsa ba. Ina jin shi ke tura gadon waɗanda ake lulluɓewa har kai, ya dawo ya goge ƙasa.

Ya nuna matar. "Abin da ke burge ni, ana gama ɗauka za ta tashi, ta wanke fuska, ta tafi gida ta ci taliyarta."

Wani Balarabe ya ƙwala kira daga ƙofa: "Ya Bashari, ta'al!" Wato ya zo.

Ya tsayar da fim ɗin kafin matar ta kai ƙasa, ya zaro safar hannu daga aljihu.

"Na ciki kuwa," in ji shi, "ba sa tashi."