Katunan Ƙwayoyin Jini a Tasha

A bencin tashar mota wata budurwa mai tabarau take zaune, farar rigar asibiti a ninke bisa cinyarta, yatsunta duk shuɗin rinin ɗakin gwaji. Da gani jarrabawar gane ƙwayoyin jini ce ta sa ta a gaba, don bakinta bai daina motsi ba. Tsohuwar da ke gefenta, mahaifiyarta ce ko tantama babu, tana ɗaga mata katuna: hoton ƙwaya a gaba, sunanta a baya. Allah sarki, hotunan sun burge tsohuwa, sai ta juyo hotunan wajenta tana kallo, sunayen kuwa suna fuskantar budurwar.

"Wannan kamar lauje, wallahi."

"Inna, amsar fa kike nuna mini! Gobe ne jarrabawar!"

"Yo ba ita kike nema ba, 'yar nan?"