Kwana Talatin na Mai Tuta

Kafin bakwai na safe ya riga ya share dandamalin tashar, ko da yake ba mai taka shi sai awaki. Daga nan ya buɗe ofis, ɗaki guda mai taga guda, ya karkaɗe bencin fasinjoji, ya ɗauko tutocinsa biyu a bayan ƙofa. Takwas da minti goma jirgin ƙasa ke zuwa, huɗu da rabi ya dawo. In akwai mai shiga, ya ɗaga ja, jirgi ya tsaya. In babu, ya ɗaga kore, jirgi ya wuce abinsa. Da yamma sai ya buɗe babban littafin tasha ya rubuta ɗaya cikin biyu a layin ranar: "ya tsaya" ko "ya wuce". Shekara talatin da takwas yana wannan, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Tuta.

Garin nan ruwa ne ya haife shi. Jiragen da, masu cin kwal, ba sa doguwar tafiya sai sun sha, shi ya sa aka haƙa rijiya aka kafa tanki a nan tsakiyar daji. Leburori suka yi bukkoki, bukkoki suka zama gidajen kwano, kasuwa ta kafu, makaranta ta kai aji shida. An taɓa ƙirga mutum dubu biyu da ɗari uku. Sai injin dizal ya zo, shi kuwa ba ruwansa da tankinmu. Titin kwalta ma da aka yi, can nesa ya bi. Kamar wasa gari ya fara zubewa: ɗari tara, ɗari huɗu, ɗari da ɗoriya. Makaranta yanzu jemagu ke karatu a ciki. Ranar da ma'aikacin ƙidaya ya zo da takardunsa, Mai Tuta ya ce masa kada ya wahalar da ƙafarsa, mutum sittin da uku ne, ya kuma jero masa su gida-gida daga inda yake zaune. Yaya ba zai sani ba? Duk wanda ya bar garin, a gabansa ya hau.

Tela, abokinsa na zama tun suna samari, ya ce ya taɓa jin sa yana cewa, "Ka san da hannun nan nawa na kwashe garin nan? Duk jar tutar da na ɗaga, gida guda ya rufe." Tela ya ce masa, "To ka daina ɗagawa mana, sarkin ɓarna." Suka yi dariya, amma Tela ya ce dariyar ba ta yi wa kowa daɗi ba.

Shekara goma sha biyar da suka wuce hukumar jirgi ta aiko da takarda. Duk ƙaramar tashar da aka yi kwana talatin a jere ba wanda ya hau ko ya sauka, za a cire ta daga jadawali, kuma in an cire an cire ke nan. Wato "ya wuce" talatin a jere, shi ke nan jirgi ya daina sanin garin. Mutane ko a jikinsu, tunda akwai babur da rani. Sun manta da damina rafi na cinye hanyar mota wata uku cur, kuma a watannin nan ba hanyar asibiti sai layin dogo.

Matarsa ce ta fara gane lissafin. Duk ran da littafi ya kai "ya wuce" ashirin da tara, sai ta yafa mayafinta, ta yanki tikiti a hannun mijinta kamar baƙuwa, ta hau na safe zuwa tasha ta gaba, ta wuni a benci ba ta san kowa ba, ta dawo a na yamma. Har gari ya sa mata suna Fasinja. In mata suka tsokane ta, "Fasinja, yau ina aka nufa?" sai ta ce, "Zan je in ga ko duniya na nan." Shekara goma sha ɗaya tana wannan zirga-zirga.

Ungozomar garin ba ta manta amfanin abin ba. Wata damina haihuwa ta gardama wa matar maƙeri, jini ya ɓalle, hanya kuma ruwa ya shafe ta. A kan ƙyauren ɗaki aka ɗauko ta zuwa tasha. Ungozoma ta ce, "Da na ga ya ɗaga jar tutar nan, jirgi ya fara rage gudu, sai na zauna a ƙasa ina kuka." Uwa ta rayu, 'yar ta rayu. Ita ce haihuwa ta ƙarshe a garin, kuma ko shekara uku ba ta cika ba iyayenta suka tattara suka tafi da ita.

Da Fasinja ta rasu, abin ya dawo kansa shi kaɗai, ga shi mai tuta ba ya barin dandamali. Ya riƙa bi gida-gida yana roƙon tsofaffi wani ya daure ya hau. Wani ya ce gwiwa, wani ya ce gona, wani ya yi tsaki ya ce ai garin ya riga ya mutu. Tela ne ya fi hawa, har ranar da matakalar tarago ta kayar da shi ya goce a ƙugu. Yana jinya ya ce, "Kai ma da taurin kai. Littafin a hannunka yake, biron a hannunka yake. Ka rubuta 'ya tsaya' mana, wa zai sani?"

Mai Tuta ya ce, "Ni zan sani. Jirgin da bai tsaya ba, ba zan ce ya tsaya ba."

Mai Tuta, kai ne wanda ƙarya ta kalma biyu za ta hutar da shi shekara huɗu, ya zaɓi yawon roƙo a ƙofofin mutane. Kai ne ka tsaya cikin rana da ruwa kana ɗaga wa jirgi kore, fasinjojin ciki ko kallon ka ba sa yi. Ba a taɓa kiran ka taro an ba ka ko takardar yabo ba, kuma wallahi abin kunya ne gare mu.

Watan jiya takardar ritaya ta iso. Hukuma ta ce ba za ta turo wani ba, in gari na so ya sa mutum ya riƙe tutar. Idanunsa kuma sun yi yana, autarsa ta dage sai ya koma wurinta a birni. Ranar da ta zo ɗaukar sa littafi na kan ashirin da takwas. Yana ganin ta fito daga motar haya ransa ya ɓaci.

"Da mota kika zo? Haba 'yar nan! Da a jirgi kika sauka ai da kin ba mu kwana talatin."

"Baba, yi haƙuri, wallahi ban yi tunani ba. Shiga mu tafi, an ɗaure kaya."

"Tafi da kayan. Ki tare ni gobe a tasharku."

Washegari ya share dandamali kamar kullum, ya yankar wa kansa tikiti, ya miƙa wa Tela jar tuta. Tela na dogare da sanda ya ɗaga ta. Jirgi ya tsaya. Mai Tuta bai taɓa littafin ba sai da ƙafafun jirgin suka daina motsi, sannan ya sunkuya, hanci kusan a kan takarda, ya rubuta. Direba ya jira shi bai danna oda ba. Mutum biyu suka kama shi ya hau matakala. Shekara talatin da takwas yana tsayar da jirgin nan, ranar ya fara ganin cikinsa. Garin ya koma sittin da biyu.

Mun gode, Mai Tuta. Allah ya buɗe maka idanun nan, ya jiƙan Fasinja, ya saka maka da abin da mu muka kasa.

Ku kuma 'ya'yan garin nan da ke warwatse a birane, kuna ta cewa wata rana za ku leƙa gida, ku ji da kyau. Ba a ce ku dawo da zama ba. Mutum guda ake nema ya yanki tikiti, ya ce wa kwandasta a nan zai sauka, ya gaida tsofaffin da suka rage, ya koma a na yamma. Littafin na hannun Tela, shi kuma ƙugunsa ba zai sake hawa matakala ba. Yau ya rubuta "ya wuce" na goma sha tara, hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas. Saura kwana goma sha ɗaya.