Kaurar Hansai

Ku ba ni amsa: mene ne in ka ci shi ka ƙoshi yini, in ka binne shi ka ƙoshi shekara?

Ina tankaɗe a Lausu aka aiko daga Fassi cewa Allah ya yi wa Hansai rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Taubashiyata ce. Tun muna 'yan mata nake kiranta Marowaciya, don ko ƙanzo ba ta yarda a zubar, ita kuma ta ce da ni Rariya.

Amma marowaciyar nan ce ke zaɓar manyan zangarniyoyin dawa kaura kowace kaka, ta rataye su a saman murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari. Da ruwan shuka ya sauka, sai matan da mazansu suka rasu su yi ta sallama, kowace ta fita da ƙulli a bakin zane. Takan ce, "Tuwo na baƙo ne, na rataye na ƙasa ne."

Ana gobe sadakar bakwai, ɗanta Alhaji Bala ya iso daga birni da rumfuna da shinkafa.

"Gwaggo, labish za a yi wa Inna," in ji shi.

"Wane ne kuma Labish? Ɗan uwanku ne?"

"Turanci ne. Wato a kashe dukiya ba ƙyashi, kowa ya shaida."

"Af! Almubazzaranci ne ya sa kwat."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Ashe ya sa masu girkin da ya ɗauko haya sun sauke abin da ke saman murhu, wai ya yi baƙi, yana ɓata wuri. Aka kai inji, aka tuƙa. Baƙi suka ci shinkafa, tuwon ya kwana ya yi tsami, aka zuba wa awaki. Ga hadari ya fara haɗuwa. Bala, in matan nan suka yi sallama, labish za ka ƙulla musu?

Allah ya jiƙan Hansai, ya haskaka kabarinta, ya sa abin da ta ƙulla wa mutane ya tarbe ta. Ya ba 'ya'yanta haƙuri, ya haɗa musu da hankali.

Amsar ita ce iri. Zangarniya ɗaya na tsinta a bayan murhu, tana rataye a ɗakina, kuma ba ta tuwo ba ce.