Kaset ɗin Ranar Alhamis

Har yanzu idan janareta ya canza murya sai gabana ya faɗi. Wata biyu ke nan da faruwar abin.

Ina aiki a ofishin wani Alhaji mai fiton kaya a bakin iyaka, wajen Magama. Ni kaɗai ce mace a layin shagunan. Aikina shigar da takardun manyan motoci cikin kwamfuta: lambar mota, irin kaya, ranar da ta tsallaka zuwa Maraɗi ko ta shigo. 'Yan kwastan kan nemi wannan bayani, in babu shi suna iya tsayar mana da aiki. Tun da aka kawo shari'a Alhaji ya sa aka rataya labule tsakanin teburina da bencin direbobi, saboda bakin mutane. Ta ƙasan labulen ake turo mini takarda. Sai in wuni ban ga fuskar kowa ba, sai ƙafafu da silifa.

Kowace Alhamis bayan la'asar nakan saka ɗan ƙaramin kaset a wata na'ura, ta kwafi duk abin da ke cikin kwamfuta, in ƙulle shi a bakin zane in kai gida. Inna ke ajiye shi cikin kwallarta. Ko ofis ya ƙone, aikinmu na nan.

Sai Alhaji ya ɗauko injiniya daga Kano, ya zo da wani baƙin akwati mai fanka a ciki. A teburina zai yi aikin, kuma bai dace mu zauna mu biyu a lungu ɗaya ba, don haka aka ce in koma sito, cikin buhunan tsofaffin takardu. Kwana biyu yana haɗa wayoyi. Da ya gama, ya yi wa Alhaji bayani. Daga sito na tsinci rabin maganar, janareta ya cinye sauran.

"Alhaji, kwamfuta gani take kaset-kaset ne a cikin akwatin nan, amma babu ko ɗaya. Shi ne zai riƙa ajiye aikin."

"Madalla. Ni ko rediyona sai an kamo mini tasha. Ka dai tabbata ba ya shan mai."

Suka yi dariya. Injiniya ya ƙara wata magana a kan tsohuwar na'urar, ban ji ta ba.

Bayan ya tafi na tambayi Alhaji ta bayan labule ko akwai abin da ya canza. Ya ce, "Ɗiyata, ci gaba yadda kika saba."

Na ci gaba. Duk Alhamis in saka kaset, koriyar fitila ta kama, kwamfuta ta nuna an gama, in kai wa Inna.

Ranar da wutar janareta ta yi yawa ina zaune gaban kwamfutar. Na ji ƙara, soket ya yi tartsatsi, warin roba ya cika lungun. Kwamfuta da akwati suka ƙone tare. Na durƙushe ƙarƙashin tebur, na kasa ko ihu. Ba wanda ya ɗaga labule sai da hayaƙi ya fito.

Alhaji ya ce ba komai, ai kaset na gida. Har ina ji yana gaya wa direbobi yarinyar nan ba ta taɓa tsallake Alhamis ba. Aka aika kaset ɗin Kano.

Da injiniya ya bugo, Alhaji ya turo mini wayarsa ta ƙasan labule, ya ce ni ce mai jin yarensu.

"Malama, kaset ɗin nan ya tsaya tun ranar da na zo. Na cire wayar tsohuwar na'urar, akwatin ne ke amsa miki. Ai na ce kafin a kwafa a kaset na gaske sai an mayar da ita."

"Wa ka gaya wa?"

Ya ce, "Alhaji."

Na ajiye wayar a cinyata. Ina ganin ƙafafun Alhaji a ƙasan labule, suna jira. Na ce, "Alhaji, aikin wata bakwai babu." Sauran maganar na haɗiye ta. Ƙafafun suka daɗe a tsaye, sannan suka juya.

Bai kore ni ba, bai kuma sake ce mini ɗiyata ba. An kawo wata kwamfuta, an jawo buhunan sito gefen teburina, ina sake bugawa takarda bayan takarda kafin 'yan kwastan su nema. Inna ba ta san komai ba. Jiya Alhamis, ina shiga gida ta buɗe kwalla ta miƙo hannu. Na ce mata yau na manta.