Ranar da Alhaji Buba Ya Ci Abinci Bayan Labule

Duk shekarun da na yi a aikin nan, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Talata a unguwar Whitechapel ta London, da na ga dattijon da rashin cin abinci ya kusa hana a yi masa tiyata ya share faranti uku. Tunda ku sababbi ne, gara ku ji labarin daga bakina kafin wani ya ƙara masa gishiri.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu jami'an rakiya ne. Idan mara lafiya ya taso daga gida neman magani a London, mu ke tarbarsa a filin jirgi, mu riƙe masa ranakun ganin likita, mu yi masa tafinta. Kafin a yi wa mutum tiyata akwai gwajin share fage, inda ake duba nauyinsa da jininsa da ƙarfin jikinsa. In likitoci ba su gamsu ba sai su ɗaga aikin, bizar jinya kuwa ba ta jiran kowa.

Kafin a dawo da ni nan, na daɗe ina rakiyar marasa lafiya zuwa Indiya. A can na koyi abincinsu, musamman wanda suke haɗawa da girkin Sinawa. Kun dai san ni, ba na wasa da cikina.

Alhaji Buba Bafulatani ne daga ƙasar Adamawa, dogo, siriri, mai ƙarancin magana. Ya zo ne a sauya masa ƙashin ƙugu. Ya sauka a unguwar Peckham, gidan 'yarsa ta fari da mijinta Mukhtar, wanda aka kawo London tun yana ƙarami. Ban taɓa ganin suruki mai hidima irin Mukhtar ba. Hutu ya ɗauka a wurin aiki saboda Alhaji. Da ma'aikaciyar jinya ta ce a riƙa lura da yawan abin da dattijon ke ci, sai ya riƙe maganar da hannu biyu. Shi ke kawo faranti, ya ja kujera ya zauna, yana lallashi.

Alhaji kuwa sai ramewa yake. An yi tuwo, an yi dambu, an nemo kindirmo a kasuwar Rye Lane, duk loma biyu zai yi ya ce ya ƙoshi. A gwajin ranar Talatar nan likita ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye cewa nauyinsa ya faɗi, kuma in ta sake gani haka a awo na gaba, ba za a taɓa shi ba. Ta ce ba ta hana shi komai ba, ya ci duk abin da ransa ke so. Na kira shugabata, Hajiya Rabi, na gaya mata.

"Sani, in aka yi cancel ɗin tiyatar nan, bawan Allahn nan zai koma gida a keken guragu," in ji ta. "Ka yi wani abu."

Bayan mun yi azahar a babban masallacin Whitechapel, kusa da asibitin, na ce mu shiga wani gidan abincin Indiyawa da na saba da shi, na wani Musulmi da nake kira Bhai, wato ɗan'uwa. Mukhtar ya tura keken Alhaji har gaban teburi a tsakiyar jama'a, ya zauna daf da shi. Ni na zaɓi abincin. Aka kawo shinkafar biryani mai naman rago, da kaza manchurian, wadda ake soyawa a juya ta cikin miyar tafarnuwa da citta, da taliyar hakka mai kabeji da koren barkono, da gurasarsu mai zafi. Ƙanshin kaɗai ya isa ya sa mai azumi istigfari.

"Baba, please, ko kaɗan ne ka yi trying," in ji Mukhtar, yana zuba masa.

"Alhamdulillahi, a ƙoshe nake," in ji Alhaji. Ya kurɓi ruwa, ya mai da ido kan bango. Amma na ga maƙogwaronsa ya motsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga yunwa ƙiri-ƙiri, na rasa abin da ke tsakaninsa da farantin.

Na tashi wanke hannu, sai Bhai ya tare ni a gefe, muka yi magana da Turanci.

"Saurayin nan ɗansa ne?"

"Mijin 'yarsa ne."

"A gidansa yake zaune?"

Na ce e. Ya girgiza kai. "A garinmu akwai dattawan da ko ruwa ba sa sha a gidan da 'yarsu ke aure. Naku ba su da irin wannan?"

Wallahi ji na yi kamar an tashe ni daga barci. Ni da na tashi da maƙwabta Fulani! Dattijo irin Alhaji Buba ba zai buɗe baki ya ci a gaban surukinsa ba, balle a bainar jama'a, balle 'yar fari na kai da kawowa. Duk mun tattara hankali kan abin da ke cikin farantin, ba wanda ya dubi mai zama kusa da shi.

Bhai na da wasu ƙananan ɗakuna a baya masu labule, na iyali. Na ce ya gyara ɗaya. Sannan na ja Mukhtar waje na yi masa bayani a hankali. Idonsa ya kawo ruwa.

"Malam Sani, you mean ni ne matsalar? Duk kwanakin nan?"

"Ba kai ba ne, girmanka yake gani. Ka shiga ka ce masa za ka karɓo magani, ka yi nisa, sai na kira ka."

Ya shiga, ya durƙusa ya faɗa, ya fita. Na tura Alhaji bayan labule na ce, "Baba, nan ya fi ɗumi, ka huta. Zan sa a ajiye kayan nan kusa da kai kada su tare wa mutane teburi." Aka jera masa komai, har da kofin lassi, kindirmonsu da ake kaɗawa da sukari. Na ja labule, na koma teburina na fuskanci titi. Na sa an kawo mini tawa kazar, amma karon farko a rayuwata abinci na gabana hankalina na wani wuri.

Can sai na ji ƙarar cokali. Ta tsaya, ta ci gaba. Daga baya ma cokalin ya yi shiru, na gane an koma hannu. Bhai ya wuce ni yana murmushi.

An jima na ji, "Sani."

"Na'am, Baba."

"Wannan jar kazar, ta ƙare musu ne?"

Da na ɗaga labule, biryani babu, taliya babu, an suɗe miyar da gurasa, gumi na tsattsafo masa a goshi. Daɗi ya kama ni. Na ruga wurin Bhai na ce a ƙaro, a kuma ƙulla wani mu tafi da shi.

Daga ranar aka sauya tsari a gidan. Mukhtar zai yi oda, a ajiye a ɗakin Alhaji, ya ɗaga murya ya ce ya tafi masallaci, matarsa ta shige nata ɗakin. Ni kaɗai ke kwashe kwanuka, ni ke gaya wa ma'aikaciyar jinya abin da aka ci. A awo na gaba likita ta dubi ma'auni, ta dubi Alhaji, ta sa hannu. Aka yi tiyata lafiya. Mutumin da na tarba a keke, da ƙafarsa ya taka, yana dogara sanda.

Ana gobe zai koma, ya ce in kai shi wurin Bhai. Ya ci bayan labulensa, sannan ya sa aka ƙulla kaza manchurian da biryani, ya miƙo mini. Bai ambaci suna ba, don ba ya faɗar sunan suruki.

"Ka kai wa yaron nan. Ya rame a kaina. Ka ajiye masa ka fito, kada ka tsaya a kansa."

Abin da na koya ke nan. Mutanenmu ba ciwo kaɗai suke hawowa jirgi da shi ba, har da kunyarsu, kuma ba za su gaya wa likita ba, ba za su gaya muku ba. Don haka duk wanda aka ba ku, bayan kun tambayi abin da yake ci, ku tambayi a gaban wa yake iya ci.